Littafin Sauraro: Yadda Waya Za Ta Karanta wa Yaro Labari Ba Tare da Ya Ƙura wa Allo Ido Ba

A gidaje da yawa yanzu, idan yaro ya dami mutane da rigima, maganin da ya fi kusa shi ne a miƙa masa waya. A buɗe masa katun a YouTube, ko a bar shi yana jan TikTok da ɗan yatsa, gida ya yi tsit. Wayar da ake miƙawar kuma galibi ta Yaya ce, ko ta Anti, ko ta matashiyar uwa da aiki ya sha mata kai. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, wannan wayar dai tana iya yin wani aikin da ba ya buƙatar yaro ya kalli allonta ko na daƙiƙa ɗaya. Tana iya karanta masa littafi da muryar mutum, tun daga bangon farko har na ƙarshe, alhali tana kife a kan tebur.

Shi ake kira littafin sauraro: littafin da wani ya zauna ya karanta da baki, aka naɗi muryarsa, aka adana a matsayin fayil na sauti. Ba ɗaya yake da wasan kwaikwayon rediyo ba, domin a nan ana bin rubutun marubuci ne kalma bayan kalma. Ba kuma podkas ba ne, wanda yawancinsa hira ce tsakanin mutane.

Dalilin da ya sa maganar ta wuce ta nishaɗi kawai shi ne halin da karatun yara yake ciki. A wani rahoto da Bankin Duniya ya fitar tare da UNESCO da UNICEF a 2022, an ƙiyasta cewa kashi 89 cikin ɗari na yara 'yan shekara 10 a ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba sa iya karanta gajeren labari mai sauƙi su fahimce shi. Wato kusan tara cikin kowane goma. Littafin sauraro ba zai warware wannan matsala shi kaɗai ba, amma akwai wani ɓangare nata da yake taɓawa kai tsaye, kuma kayan aikin suna cikin aljihun kusan kowane matashi.

Daga faifan garmaho zuwa memori

Tunanin ya girmi waya nesa ba kusa ba. Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar murya a 1877, kuma a shekarar da ta biyo baya, da yake lissafa abubuwan da yake hasashen za a yi da ita, ya ambaci littattafan da za su riƙa yi wa makafi magana. Sai dai na'urar lokacin 'yan mintuna kaɗan take ɗauka. Sai a 1934 aka fara rarraba wa makafi littattafai a kan faifai a Amurka ta hannun Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki, Ingila kuma ta biyo baya a 1935, inda sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya suke cikin waɗanda aka yi abin dominsu. Kaset ya fito daga kamfanin Philips a 1963, Walkman na Sony ya biyo a 1979, sai littafi ya fara bin mutane cikin mota da wurin aiki. An kafa Audible a 1995, kuma na'urar farko da ya fitar a 1997 sautin kimanin awa biyu kawai take iya riƙewa. Amazon ya saye kamfanin a 2008.

A ƙasar Hausa kuwa, koyo ta kunne ba baƙon abu ba ne. Tatsuniyar dare a gaban Kaka, da labarin Gizo da Ƙoƙi, su ne makarantar harshe ta farko ga yara kafin talabijin ta shigo. Gidajen rediyo a Kaduna da Kano sun daɗe suna karanta littattafan Hausa babi-babi, masu sauraro na jiran ci gaba. Sannan ga karatun Alƙur'ani: tun da Sheikh Mahmud Khalil al-Husary ya naɗi cikakken karatu a Masar a 1961, gidaje marasa adadi sun gyara tilawar yaransu da kaset, daga baya da memori. Duk uwar da ta taɓa kunna wa ɗanta ƙira'a don ya riƙe sura ta riga ta san yadda abin yake aiki. Abin da ya rage shi ne a faɗaɗa shi zuwa labarai, tarihi da kimiyya.

Me sauraro yake ginawa a kan yaro?

A 1986, wasu masana biyu, Philip Gough da William Tunmer, sun kawo wani bayani mai sauƙi da har yau malaman koyar da karatu suke dogaro da shi. A cewarsu, fahimtar abin da aka karanta ta dogara ne a kan abubuwa biyu: iya haɗa baƙaƙe su zama kalma, da kuma fahimtar harshen kansa. Kuma ba tara su ake yi ba, ninka su ake yi, kamar a lissafin sau. Idan ɗaya ya zama sifiri, amsar ma sifiri ce.

Misalin yana nan a makarantu birjik. Akwai yaron da zai karanta shafi guda na Turanci da ƙarfi ba tare da ya yi tuntuɓe ba, amma a tambaye shi me shafin ya ce, sai ya yi zuru. Ya iya haɗa baƙi, bai san harshen ba. Akwai kuma wanda idan aka ba shi labari da baki zai maimaita shi tsaf har da ƙarin gishiri, amma a miƙa masa takarda sai ya kasa. Littafin sauraro yana aiki ne a kan ɓangare na biyu, wato harshe: yawan kalmomi, yadda ake gina doguwar jimla, yadda labari yake tafiya daga sanadi zuwa sakamako, da sanin duniyar da take bayan ƙofar gida.

Wani zai ce ai yaro yana jin magana a gida tun safe har dare, me littafi zai ƙara masa? Amsar ita ce harshen littafi daban yake da harshen tsakar gida. Maganar yau da kullum a kan kalmomi ƙalilan take jujjuyawa: zo, tafi, ɗauko, ajiye, ka ci abinci, bari mana. A 1988, Donald Hayes da Margaret Ahrens sun ƙirga kalmomin da ba a cika amfani da su ba a cikin rubuce-rubuce da maganganu iri-iri na Turanci, suka gano cewa littattafan yara sun fi hirar manya masu digiri yawan irin waɗannan kalmomi. Da Turanci aka yi binciken, amma duk wanda ya buɗe Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya kwatanta shi da hirar zaure ta yau zai ga irin wannan tazarar a Hausa. Kalmomin sarauta, na farauta, na fatauci, karin magana da salon zance, da yawansu yaron birni ba zai taɓa cin karo da su a bakin abokan wasansa ba.

Akwai kuma wani abu da iyaye ba su cika lura da shi ba. Kunnen yaro yana gaba da idonsa da shekaru. Ɗan aji biyu da yake fama da jimla mai kalma biyar a takarda yana iya bin labari mai sarƙaƙiya idan aka karanta masa, kuma wannan tazara ba ta cika rufewa ba sai wajen shigarsa ƙaramar sakandare. Idan aka ce ba zai san wani labari ba sai wanda ya iya karantawa da kansa, an tsare ƙwaƙwalwarsa ke nan a matakin da idonsa yake, alhali tana iya ɗaukar abin da ya fi haka.

Wannan ya fi tsanani ga yaran da suke da lalurar wahalar karatu, wadda likitoci ke kira disleksiya. Yaro ne mai kaifin basira a magana, amma baƙaƙe suna rikice masa. Sau da yawa a gida da makaranta daƙiƙi ake ce masa, wani lokaci har da bulala. Masani Keith Stanovich ya yi bayani a 1986 yadda irin wannan giɓi yake faɗaɗa da kansa: wanda ya iya karatu yana ƙara karantawa, kalmominsa su ƙaru, karatu ya ƙara yi masa sauƙi, wanda ya sha wuya kuwa yana gudun littafi, sai a ƙara yi masa nisa. Sauraro yana ba irin wannan yaro damar ci gaba da tara kalmomi da ilimi tare da sa'o'insa, yayin da ake ci gaba da koya masa baƙi a hankali. Haka abin yake ga yara makafi da masu raunin gani, waɗanda tun asali don su aka ƙirƙiro fasahar.

Masu cewa sauraro ha'inci ne, ba karatu ba ne, akwai binciken da ya kamata su sani. A 2019, wata tawaga a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, ƙarƙashin Fatma Deniz, ta sa mutum tara a na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, suka saurari wasu labarai, suka kuma karanta su a rubuce. Sassan ƙwaƙwalwar da suke sarrafa ma'anar kalmomi sun yi aiki kusan iri ɗaya a duka biyun. Amma a lura da kyau: manya ne waɗanda suka riga suka iya karatu, kuma mutum tara ba taro ba ne. Abin da binciken ya nuna shi ne ma'ana tana isa wuri ɗaya ko ta ido ta shiga ko ta kunne. Bai ce kunne zai koya wa yaro karatu ba.

Inda littafin sauraro ba ya kaiwa

A nan ne masu tallar manhajoji suke yin shiru. Yaron da ya saurari littafi ɗari bai koyi bambanta "b" da "d" ba, bai san inda ƙugiyar "ɗ" take ba, bai kuma iya rubuta sunansa ba. Wannan aikin allo da fensir ne da malami, babu hanyar ratse. Duk gidan da ya mayar da sauraro madadin koyon baƙi ya cuci yaron.

Hanyar da take haɗa biyun ita ce a ba yaro littafin a hannu yana bin layi da yatsa yayin da murya take karantawa. Idonsa yana ganin siffar kalma a daidai lokacin da kunnensa yake jin lafazinta. Ga mai koyon Turanci wannan yana da amfani ƙwarai, domin Turanci harshe ne da rubutunsa da furucinsa ba su cika jituwa ba.

Na biyu, ba kowane littafi ne ya dace da kunne ba. Labari yana tafiya a miƙe, shi ya sa sauraronsa yake da daɗi. Littafin lissafi ko kimiyya mai zane da jadawali kuwa sai an tsaya, an koma baya, an sake dubawa. A wani gwaji da David Daniel da William Woody suka wallafa a 2010, ɗaliban jami'a da suka saurari darasi sun samu maki ƙasa da na waɗanda suka karanta shi a takarda. Ɗalibin da yake shirin WAEC ko JAMB kada ya ajiye littafin Kemistiri ya dogara da sauti. Littattafan adabi da aka sa a manhajar jarrabawa kam, sauraronsu bayan an karanta yana taimakawa wajen riƙe labarin.

Na uku ya shafi jarirai. A 2003, Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washington sun gwada jarirai 'yan wata tara da suke tasowa a gidajen masu Turanci. Wasu an haɗa su da masu magana da Sinanci ido da ido har sau 12, wasu kuma an kunna musu mutanen dai a bidiyo ko a sauti kawai. Waɗanda suka zauna da mutum a zahiri sun koyi bambanta sautukan Sinanci. Na bidiyo da na sauti ba su koyi komai ba. Jariri daga fuska da hannu da amsawar mutum yake koyon harshe. Saboda haka a ajiye sifika kusa da ɗan wata shida da sunan ana sa masa Turanci ɓata caji ne kawai. Daga wajen shekara uku zuwa huɗu ne gajerun labarai na minti biyar zuwa goma suke fara shiga.

Abin da yake canzawa a cikin gida

Allon waya na mutum ɗaya ne. Idan yara uku suka taru a kansa, ba a jimawa sai an ji "ni ba na gani", sai kokawa. Sauti kuwa yana cika ɗaki, kowa ya samu rabonsa daidai, daga ɗan shekara huɗu har Goggo da take gefe tana tsintar wake. Hannu da ido kuma a sake suke. Ana iya wanke-wanke, ninke kaya, tsifar kai ko gugar yunifom ana saurare. Daren da aka ɗauke wuta, lokacin da zafi ya koro kowa tsakar gida, waya mai caji kashi ashirin da 'yar sifikar Bluetooth, wadda aka fi sani da MP, sun isa su riƙe gida awa guda. Haka doguwar tafiya a mota, irin ta Kano zuwa Abuja ko Zinder zuwa Yamai, wadda kallon allo a cikinta yake sa wasu yaran jiri da amai.

Amfanin da ya fi kowanne girma, wanda kuma ba a cika ambatonsa ba, ya shafi iyayen da ba su yi boko ba. Shawarar da masana suke bayarwa kullum ita ce iyaye su riƙa karanta wa 'ya'yansu littafi. To uwar da ba ta iya karatun boko ba fa? Shawarar ta tsallake ta. Da littafin sauraro kuwa, ita da ɗanta kunne ɗaya suke da shi. Tana iya dakatar da sautin ta ce, "Kai Abba, me kake gani zai faru da yaron nan?" ko "Da ke ce, Ummi, za ki buɗe ƙofar?" Tana iya fassara karin maganar da ta wuce kan yaran, abin da ta fi kowace manhaja iyawa.

Wannan tsayawa a yi tambaya ba ƙaramin abu ba ne. Wani bincike da Rachel Romeo ta jagoranta a jami'o'in MIT da Harvard, wanda aka wallafa a 2018, ya duba yara 'yan shekara huɗu zuwa shida, ya gano cewa yawan musayar magana tsakanin yaro da babba, wato ka faɗa in faɗa, ya fi alaƙa da ƙwarewar harshen yaro a kan yawan kalmomin da kawai suke shiga kunnensa. Ma'ana, a kunna labari a fice a bar yara yana da ɗan amfani, amma a zauna tare a riƙa tsokaci ya ninka shi.

Sai maganar barci. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar a 2019, ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo, 'yan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Gidaje nawa ne suke iya kiyaye wannan? Ƙwace waya daga hannun yaro ba tare da an ba shi wani abu a madadinta ba rigima ce da iyaye suka saba faɗuwa a cikinta. Labarin da ake ji a cikin duhu, ido a rufe, madadi ne da yaro yake karɓa, kuma babu haske ko hoto mai tsalle-tsalle da zai hana shi runtsawa.

Lissafin data da zaɓin manhaja

Muryar mutum ba ta buƙatar inganci irin na waƙa. Fayil ɗin MP3 da aka matse a kan 64 kbps ya wadatar. Ga lissafin: 64 a raba da 8 ya ba da KB 8 a kowace daƙiƙa, a ninka da daƙiƙa 3,600 da suke cikin awa, ya zama kimanin MB 29. Wato GB 1 zai ɗauki wajen awa 35 na labari, memori mai GB 8 kuma ya haura awa 250. Bidiyo na awa guda, ko da ba mai kyan hoto sosai ba ne, ɗaruruwan MB yake ci. Kuma da yake allo shi ne babban mai shan batir, sauraro da allo a kashe yana sa caji ya daɗe.

Shi ya sa sauraron labari ta YouTube asara ce. Ana biyan datar bidiyo ne a kan hoton da ba ya motsi, kuma ga wanda ba ya biyan kuɗin Premium, da zarar an kulle allo sautin ya tsaya. Ya fi kyau a sauke fayil ɗin sauti sau ɗaya inda aka samu Wi-Fi ko datar dare, sannan a riƙa ji babu intanet.

Manhajar kiɗa da ta zo da waya tana iya kunna fayil ɗin, amma za ta ba da haushi. Ba ta tuna inda aka tsaya, tana cakuɗa babi-babi da waƙoƙi, wani lokaci ta tsallaka daga babi na uku zuwa na goma. Manhajojin da aka gina don littafi sun magance wannan. A Android akwai Smart AudioBook Player, da kuma Voice, wadda kyauta ce kuma babu talla a cikinta. A iPhone akwai BookPlayer da Apple Books. Abubuwa uku ne ya kamata a duba: tuna wurin tsayawa, agogon barci mai kashe sauti bayan minti 15 ko 20, da maɓallin rage sauri. Manya suna son ƙara sauri zuwa 1.5, amma ga yaro a bar shi a 1, idan kuma Turanci ne yake koyo a sauke zuwa 0.9 ko 0.8.

A Turai da Amurka ana sayar da akwatunan labari na yara marasa allo, irin su Toniebox na Jamus da Yoto na Ingila. Suna da kyau, suna kuma da tsada. Tsohuwar wayar da aka daina amfani da ita, a cire mata layi, a goge komai a bar manhajar littafi kaɗai, aikin da za ta yi ke nan. Ko ma MP mai cin memori, wanda yaro zai iya dannawa da kansa.

Game da kunne, sifika ta fi iyafis ga yara. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya suka fitar a 2019 ya sa iyakar yara a desibel 75 na tsawon awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibel uku yana rage lokacin da rabi. Ba kowa ke da abin aunawa ba, don haka gwaji mai sauƙi shi ne: idan yaro yana sanye da iyafis aka yi masa magana daga nisan hannu bai ji ba, ƙarar ta yi yawa.

Ina za a samu, musamman na Hausa?

Na Turanci suna da yawa. LibriVox, wanda Hugh McGuire ya kafa a Kanada a 2005, yana da dubban littattafai kyauta da masu sa kai suka karanta, duka tsofaffi ne da haƙƙin mallakarsu ya ƙare. Ingancin muryoyin ya bambanta, wani mai karatun gwani ne, wani kuma zai sa mutum gyangyaɗi, don haka a ɗanɗana kafin a sauke. Audible da Google Play Books suna da sababbi masu inganci, amma da kuɗi, kuma fayilolin Audible a kulle suke, ba sa buɗuwa sai a manhajarsu.

Na Hausa ne ake da ƙaranci, kuma a nan ake buƙatar taka-tsantsan. Wanda ya nemi littafin Hausa na sauti a YouTube ko Telegram zai samu da yawa, amma mafi rinjayensu labaran soyayya ne, aure da kishi, waɗanda aka rubuta don manya, wasu ma har da batsa a fili. Sunan littafi ba ya nuna abin da yake ciki. Ƙa'idar ita ce babba ya fara sauraro kafin yaro ya ji, kuma kada a bar manhaja tana zaɓo na gaba da kanta.

To me ya hana a sa waya ta karanta rubutun Hausa da muryar na'ura? Ana samun ci gaba a wannan fanni, amma Hausa tana da wani tarko. Rubutun yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. "Gari" na tuwo da "gari" na mutane rubutu ɗaya ne. Haka "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya, ko "fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama. Bahaushe yana gane wanda ake nufi daga jimla ba tare da ya yi tunani ba, na'ura kuwa sai ta yi canke, kuma tana yawan faɗuwa. Babba zai yi dariya ya wuce. Yaron da yake tsakiyar koyon harshe kuwa yana iya ɗauka haka ake faɗa. Ga yara, muryar mutum ta fi.

Wannan ya kawo maganar hanyar da ta fi kowace sauƙi: gida ya naɗi nasa. Shafin African Storybook, wanda cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe a 2014, da StoryWeaver na Pratham Books da ke Indiya, wanda ya fara a 2015, duka suna da labaran yara da Hausa masu hotuna, kuma lasisinsu ya yarda a kwafa, a fassara, a naɗa a rarraba, muddin an ambaci marubuci da mai zane. Yaya ko Anti za su iya karanta guda biyar a yammaci ɗaya. Uban da yake aiki a Legas ko Fatakwal yana iya turo babi ɗaya kowane dare ta saƙon murya na WhatsApp, yara su kwana da muryarsa a kunne.

Littattafan da aka buga don sayarwa kuwa hukuncinsu daban ne. A dokar Najeriya, haƙƙin mallakar littafi yana nan har shekara 70 bayan rasuwar marubuci. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce ba su zama na kowa da kowa ba tukuna. Karanta wa ƙanne a gida abu ne da aka saba. Ɗora karatun a YouTube ko sayar da shi a memori ba tare da izini ba kuwa cin haƙƙi ne, kuma marubutan Hausa na yanzu sun daɗe suna kokawa da masu yi musu haka.

Tatsuniyar da take bakin tsofaffi ba ta da wannan matsala, kuma ita ce ta fi saurin ɓacewa. Naɗarta ba ya buƙatar situdiyo. A nemi izinin Kaka tukuna, a gaya mata su wa za su ji. A zaɓi ɗaki mai katifa da labule, domin suna shanye amsa-kuwwa, a kashe fanka, a sa waya a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse. A ɗora wayar a kan filo kamar taƙi ɗaya daga bakinta, kada a riƙe a hannu. A bar jikoki su zauna su riƙa amsawa, domin tsohuwa ba ta sakin jiki da labari idan waya kaɗai take kallo. A farkon kowane naɗi a faɗi sunan mai ba da labarin, garinsu da kwanan wata.

Idan ana son a yanke tari da dogon shiru, manhajar Audacity ta kwamfuta kyauta ce, kuma tana fitar da MP3 a kan 64 kbps. Sunayen fayil a fara su da lamba mai gurbi biyu, 01, 02, 03, domin idan aka rubuta 1, 2, 3, wasu na'urorin za su kawo 10 kafin 2. Kada kuma a bar su a cikin WhatsApp kawai, inda canza waya ko goge manhaja zai iya tafiya da su. A ajiye kwafi ɗaya a memori, ɗaya a Google Drive, wanda yake ba da GB 15 kyauta, sannan a tura wa wani ɗan'uwa a wani gari na uku.